Kafin A Ɗaure Ƙafa, A San Abin Da Ya Lalace

Da wuya a sami gidan da ba a taɓa jinyar gurɗewar ƙafa a cikinsa ba. Yaro ya zurma rami yana bin ƙwallo, uwargida ta zame a bakin famfo, ɗan acaɓa ya sa ƙafa a ƙasa don ya tare babur, dattijo ya kuskure matakala cikin duhun asuba. Abin da ke biyo baya kuwa kusan iri ɗaya ne a ko'ina. Wannan ya ce a ja ƙafar, wancan ya ce a murza da man zafi, wata ta ɗora ruwa a wuta don a gasa, wani kuma tuni ya tafi kiran mai ɗori. Cikin wannan hanzari na masu son taimako, tambayar da ta kamata a fara yi ita ake tsallakewa: me ya lalace a ciki, jijiya ce, ƙashi ne, ko agara? Matsayin wannan jagora shi ne, ƙafafu da yawa da suka nakasa bayan rauni, gaggawar yin magani kafin a gane ciwon ce ta nakasa su, fiye da girman raunin da suka ji tun farko. Dalili kuwa, abin da ke warkar da wani raunin shi ke ɓata wani. Takawa da wuri tana gyara targaɗe, amma tana iya raba ƙashin da ya karye. Ɗauri yana tallafar gaɓa, amma idan ya matse sai ya tare jini. Ja yana mayar da gaɓar da ta goce a hannun wanda ya ga hoton ƙashin, a hannun wanda bai gani ba kuwa yana iya mayar da ƙaramar tsagewa babbar karaya. Saboda haka aikin farko shi ne rarrabewa, kuma mafi yawan wannan aiki ido da yatsa ne ke yin sa cikin 'yan mintuna.

Yadda wurin yake

Sai an san ginin ƙafa sannan za a san inda za a taɓa. Ƙafa guda, daga idon sawu zuwa yatsu, tana da ƙasusuwa 26 da gaɓoɓi 33, wato ƙafafun mutum biyu sun kwashe kusan rubu'in ƙasusuwa 206 da ke jikin babba. Ƙwauri ƙasusuwa biyu ne, babba ta ciki wanda ke ɗauke da mafi yawan nauyin jiki, da siriri ta waje. Tudun nan biyu da muke kira idon sawu ƙarshen waɗannan ƙasusuwa ne, sun rungumi wani ƙashi da ke tsakaninsu wanda likitoci ke kira talus, a kansa ƙafa ke lanƙwasawa sama da ƙasa. Abin da ke riƙe da su kada su watse shi ne jijiyoyi masu ɗaure ƙashi da ƙashi. Ta gefen ciki kakkaura ce mai faɗi, na gefen waje kuwa uku ne, sirara. Shi ya sa kusan kashi 85 cikin 100 na targaɗen idon sawu ke faruwa ta hanya ɗaya: tafin ƙafa ya juya ciki, nauyin jiki ya faɗa kan gefen waje, jijiyar gaba daga cikin ukun ta miƙe fiye da ƙima. Jijiyar kamar igiyar rama take, zaruruwa da yawa aka tufka wuri guda. Idan ɗamewa kawai ta yi, 'yan zaruruwa suka tsinke, targaɗe ne mai sauƙi da yakan lafa cikin mako ɗaya zuwa uku. Idan sashe mai yawa ya tsinke, kumburi da taruwar jini sun fi yawa, jinya takan kai mako uku zuwa shida. Idan ta rabu biyu gaba ɗaya, gaɓar takan yi sako-sako, ana kuma maganar watanni. Ta baya akwai agara, wadda ta haɗa tsokar sha-raɓa da dunduniya. Ita ce jijiya mafi ƙarfi a jiki, da ita ake ɗaga dunduniya a kowane taku.

Mutane sukan auna girman rauni da ma'auni biyu, duka biyun kuma suna yaudara. Na farko kumburi. Jijiyar da ta tsinke takan zubar da jini a ƙarƙashin fata har idon sawu ya ɓace, alhali ƙashi lafiya lau, sannan ƙashi na iya tsagewa da ɗan kumburin da bai taka kara ya karya ba. Na biyu shi ne maganar da ake yawan ji, wai tunda yana takawa ai ba karaya ba ce. Siririn ƙashin waje ɗan kaɗan yake ɗauka daga nauyin jiki, don haka mutum na iya karya shi ya tashi ya ɗingisa har gida. Rashin iya takawa alama ce mai ƙarfi, amma iya takawa shi kaɗai ba ya wanke ƙashi. Ga yara abin ya fi buƙatar lura, domin a ƙarshen ƙasusuwansu akwai guringuntsin da ƙashi ke tsawo ta wurinsa, kuma sau da yawa ya fi jijiya rauni. Gurɗewar da za ta ba babba targaɗe tana iya ba yaro karaya a wannan wurin, idan kuma ta haɗe a karkace ƙafar na iya girma a karkace ko ta gajarta.

Duba na farko: raunin da ba ya jira

Kafin a taɓa komai, a cire takalmi da safa a hankali, a ajiye ƙafar kusa da 'yar'uwarta a kwatanta. Akwai alamomi biyar da ko ɗaya aka gani an gama shawara, sai asibiti nan take. Ƙafar ta karkace ta bar siffarta. Fata ta fashe a kan wurin da ake zargin karaya, ko ƙashi ya leƙo ko bai leƙo ba. Yatsu sun yi sanyi, ko an matsa farce ya yi fari amma jansa bai dawo cikin kamar daƙiƙa biyu ba. Ƙafar ta mutu, ana taɓa ta mai ita ba ya ji. Ko kuma ciwo na ta ƙaruwa duk da an sha magani, sha-raɓa ko ƙafar ta yi tauri, kuma da an motsa yatsu sai azaba ta ninku. Alamomi ukun ƙarshe suna nuna jini ba ya isa inda ya kamata, tsoka kuwa ba ta jure rashin jini fiye da kamar awa shida ba tare da ta fara mutuwar da ba ta dawowa ba. A irin wannan hali da muguwar rawa gara ƙin tashi. Kada a ja, kada a tura ƙashin da ya fito, kada a barbaɗa gari ko toka ko wani magani a kan rauni. A rufe shi da tsumma mai tsabta, a tallafi ƙafar yadda aka same ta da kwali ko katako da aka shimfiɗa wa zane, a ɗaure sako-sako. Kada a ba majinyacin abinci, domin mai yiwuwa ne a yi masa aiki. Buɗaɗɗiyar karaya tana buƙatar wanki a ɗakin tiyata, da maganin kashe ƙwayoyin cuta da wuri, da allurar tetanas.

Duba na biyu: wurare huɗu da taku huɗu

Idan babu ko ɗaya daga cikin waɗancan alamomi, sai a koma ga yatsa. A 1992 Dakta Ian Stiell da abokan aikinsa a birnin Ottawa na ƙasar Kanada suka wallafa wasu ƙa'idoji na gane wanda ke buƙatar hoton ƙashi. Abin da ya ja hankalinsu shi ne, kusan duk wanda ya zo asibiti da ciwon idon sawu ana ɗaukarsa hoto, amma waɗanda ake samu da karaya ba su kai kashi 15 cikin 100 ba. Ga yadda ake dubawa. A bi gefen baya na idon sawun waje da babban yatsa, daga tsininsa zuwa sama kamar santimita 6, wato faɗin yatsu uku zuwa huɗu, ana dannawa a kan ƙashin kansa. A yi haka a idon sawun ciki. Sannan a bi gefen ƙafa na waje daga ƙaramin yatsa zuwa baya har a ji wani tudun ƙashi a wajen tsakiya, a danna shi. Na huɗu, a gefen ciki, gaba da idon sawu kaɗan kuma ƙasa da shi, akwai wani tudun, shi ma a danna. Daga nan a ce wa mutumin ya yi taku huɗu, ko da ɗingishi ne, muddin yana ɗora nauyi a kan ƙafar. Idan ɗaya daga cikin wuraren huɗu ya yi zafi a kan ƙashi, ko ya kasa taku huɗu tun lokacin da abin ya faru har zuwa lokacin dubawa, yana buƙatar hoto. Idan kuwa zafin yana cikin taushin da ke gaba da idon sawun waje, ƙashi ba ya ciwo, yana kuma takawa, kusan tabbas targaɗe ne. Wani nazari da mujallar likitoci ta BMJ ta buga a 2003, wanda ya tattara sakamakon majinyata fiye da 15,000, ya nuna da wuya ƙa'idojin su kuskure karaya, kuma suna iya rage yawan hoton da ake ɗauka da kashi 30 zuwa 40 cikin 100.

Mai karatu na iya cewa, ai gani ya kori ji, a ɗauki kowa hoto a huta. Amsa ta farko ita ce hoton eksire ƙashi yake nunawa, ba ya nuna jijiya ko agara, don haka mutum na iya fitowa da hoto mai kyau alhali agararsa a tsinke take. Ta biyu, a inda hoto ke nufin kuɗin mota da kuɗin na'ura da yinin aiki guda, idan aka ce kowa ya je sai a wayi gari ba wanda ya je. Gara a san waɗanda zuwan ya zama musu dole, a tsaya a kansu har sai sun je. Wani kuma zai ce an tsara ƙa'idojin ne don ma'aikatan lafiya, ba don mutanen gida ba. Gaskiya ne, kuma saboda haka ne ya kamata a san iyakarsu. Ba a dogara da su ga wanda ya sha abin maye, ko mai wani babban rauni da ya ɗauke masa hankali, ko wanda ƙafarsa ba ta ji sosai kamar wasu masu ciwon suga, ko ƙananan yara. A gida amfaninsu shi ne su tura mutum asibiti, ba su hana shi zuwa ba. Wanda ya tsallake gwajin amma bayan kwana biyar zuwa bakwai bai ga sauƙi ba, shi ma ya je. A lokacin ma kumburi ya ragu, likita ya fi iya gane ko jijiya ta rabu.

Raunuka uku masu shigar targaɗe

Akwai raunukan da suka saba ɓuya a bayan sunan targaɗe. Na farko karayar ƙashin da ke tafiya zuwa ƙaramin yatsa, ɗan gaba da tudun nan na gefen waje. Likitan ƙashi ɗan Birtaniya Robert Jones ne ya bayyana ta a 1902, bayan shi kansa ya karye a wurin yana rawa, har yau kuma da sunansa ake kiran ta. Jini ba ya isa wannan wuri sosai, don haka ƙashin yakan yi jinkirin haɗewa ko ya ƙi, kuma jinyarta takan buƙaci makonni ba a taka ƙafar ba, wani lokaci har da aiki. Na biyu raunin tsakiyar ƙafa, wanda ke ɗauke da sunan Lisfranc, likitan tiyata na rundunar Napoleon ta Faransa. Yakan faru idan gaban ƙafa ya maƙale jiki kuma ya juya, kamar a haɗarin babur ko faɗowa daga bisa. Alamarsa kumburi a bayan ƙafa, da kasa tsayawa a kan yatsu, da taruwar jini a tafin ƙafa. Kusan ɗaya cikin biyar na irin wannan rauni ana kuskure shi a duban farko, domin hoton da aka ɗauka a kwance na iya fitowa lafiya, sai an ɗauka a tsaye ko an yi hoton CT. In aka bar shi, tafin ƙafa yakan baje, ciwo ya zauna.

Na uku tsinkewar agara, wadda ta fi samun maza 'yan shekara 30 zuwa 50 da suka koma ƙwallo ko gudu bayan sun daɗe ba su yi ba. Mutum yakan ji kamar an harbe shi ko an jefe shi da dutse ta baya, ya waiwaya bai ga kowa ba. Da yake ciwon yakan lafa da wuri, kuma yana iya jan ƙafa ya tafi, sai a ce targaɗe ne. Gwajinta mai sauƙi ne: ya kwanta rubda-ciki, ƙafafunsa na reto a bakin gado, a matse tsokar sha-raɓa da hannu. Idan agara lafiya take ƙafar za ta motsa ta yi ƙasa, idan ta tsinke ba za ta motsa ba. Ana jinyarta da siminti ko takalmin asibiti mai ɗaga dunduniya don bakunan biyu su haɗu, ko kuma a ɗinke ta, amma dukansu sun fi kyau idan an fara a kwanakin farko, kafin tsoka ta janye bakin sama. Ya kamata a san cewa maganin sifrofuloksasin da danginsa, wanda ake yawan sha don taifot, yana raunana agara, musamman ga waɗanda suka haura shekara 60 da masu shan magungunan sitiroyid. Hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta sa a rubuta babban gargaɗi a kan haka tun 2008. Mai shan sa da ya ji ciwo a agara ya daina motsa jiki mai ƙarfi, ya koma wurin likita a ranar.

Jinyar targaɗe

Idan an tabbata targaɗe ne, kwana biyu zuwa uku na farko na kare gaɓa ne da rage kumburi. A rage tafiya, a riƙe sanda idan taku na da zafi. A kwanta a ɗora ƙafar a kan matasai har ta fi ƙirji bisa. A naɗa bandeji mai talewa daga gindin yatsu, a zagaya dunduniya da idon sawu, a hau zuwa tsakiyar ƙwauri, yadda yatsa zai iya shiga ƙarƙashinsa, a bar yatsu a waje don a riƙa duba su, a kuma sassauta shi da dare. Ƙanƙara a cikin tsumma, minti 15 zuwa 20, tana rage zafi, amma ba a ɗora ta kai tsaye a fata, kuma masu sikila da masu ciwon sugan da ƙafarsu ba ta ji su guje ta. Gashi da ruwan zafi, da murza da ƙarfi, da man zafi a waɗannan kwanaki suna buɗe hanyoyin jinin da suka fashe, su ƙara kumburi. Lokacinsu yana gaba, bayan kumburi ya sauka. Don rage ciwo, babba na iya shan farasitamol ƙwaya biyu masu miligiram 500, kada ya wuce ƙwaya takwas a awa 24. Ibufurofen da dikulofenak suna aiki, amma ba su dace da mai gyambon ciki, ko mai ciwon ƙoda, ko mace mai juna biyu ba sai da izinin likita.

Daga nan sai kuskuren da ya yi hannun riga da na farko, wato a naɗe ƙafa a ajiye ta mako da makonni ana jiran ciwo ya tafi gaba ɗaya. Ana ganin kamar hutu ba ya cutarwa, amma yana yi. Dakta Gabe Mirkin, wanda a 1978 ya yaɗa tsarin hutu da ƙanƙara da ɗauri da ɗaga ƙafa, shi da kansa ya fito a 2014 ya ce yawan ƙanƙara da cikakken hutu na iya jinkirta warkewa. Jijiyar da ke warkewa tana buƙatar ɗan nauyi don sababbin zaruruwanta su jeru daidai, gaɓar da aka daɗe ba a motsa ba kuwa takan ƙage, tsoka ta rame. Targaɗe mai tsanani kaɗai ke amfana da siminti ko takalmin asibiti, shi ma na ɗan lokaci, kamar kwana goma. Ga sauran, daga kwana na biyu ko na uku a fara motsa ƙafa sama da ƙasa, a riƙa rubuta haruffa a iska da babban yatsa, a riƙa takawa gwargwadon yadda za a iya jurewa. A zauna a miƙe ƙafa, a saƙalo gabanta da tawul a jawo don agara ta miƙe. Idan tsayuwa ta yi sauƙi, a dafa bango a riƙa ɗaga dunduniya ana saukewa. Zaman tahiya yana lanƙwasa idon sawu ta inda ya gurɗe, don haka wanda yake jin zafi ya yi salla a kan kujera ko ya miƙe ƙafar har ya samu sauƙi, addini ya ba mai lalura wannan rangwame.

Matakin da aka fi watsarwa shi ne na ƙarshe, kuma shi ke hana ciwon dawowa. A cikin jijiyoyin idon sawu akwai ƙananan jijiyoyin ji da ke sanar da ƙwaƙwalwa yadda ƙafa ta sauka, don tsoka ta gyara ta kafin ta gurɗe. Targaɗe yana lalata wannan saƙo, ciwo kuma yakan tafi tun saƙon bai gyaru ba. Wannan na daga cikin dalilan da suka sa har kashi 40 cikin 100 na masu targaɗe ke zama da idon sawu mai yawan gurɗewa ko mai ciwo bayan watanni. Maganinsa atisayen tsayuwa da ƙafa ɗaya: daƙiƙa 30 kusa da bango, sau da yawa a yini, in an iya sai a rufe ido, in an iya sai a hau kan matashi, ana yi kullum har mako shida ko fiye. Ɗan ƙwallo kada ya koma fili sai ya iya ɗaga dunduniya da ƙafa ɗaya, ya yi tsalle a kanta, ya yi gudu yana karya kwana ba ciwo, sannan ya riƙa sa abin tallafar idon sawu na wasu watanni. Wanda abin ya ƙi ci ya ƙi cinyewa ya nemi likitan fisiyo.

Karaya, da maganar masu ɗori

Karaya kuwa hoto ne ke faɗin hanyarta. Idan ƙashin bai gusa ba kuma gaɓar na nan daram, siminti ko takalmin asibiti na kamar mako shida ya isa. Idan ya gusa, ko idon sawu biyu suka karye, yawanci sai an yi aiki an mayar da shi an riƙe da ƙarfe da kusoshi. Mutane sukan ga kamar likitoci son yanka suke yi, amma akwai hujja. Wani bincike da Ramsey da Hamilton suka wallafa a 1976 ya nuna idan talus ya gusa waje da milimita ɗaya tak, faɗin wurin da ƙasusuwan ke haɗuwa yana raguwa da kashi 42 cikin 100. Nauyin jiki bai ragu ba, wurin ɗaukarsa ne ya ragu, don haka guringuntsi ke cinyewa, amosanin gaɓa ya kama mutum tun da sauran ƙarfinsa. Babu hannun da zai ji gusawar milimita ɗaya a ƙarƙashin kumburi. Wanda aka sa wa siminti ya riƙa ɗaga ƙafar, yana motsa yatsu, kada ya jiƙa shi ko ya cusa tsinke don susa. Idan ya matse, ko yatsu suka mutu, ko sha-raɓa ta kumbura da ciwo, ko numfashi ya yi wuya, ya koma asibiti nan take. Mai shan taba ya sani tana jinkirta haɗewar ƙashi.

Babbar hujjar da za a kawo a kan duk wannan ita ce ta masu ɗori: suna kusa, suna da sauƙin kuɗi, sun gaji sana'ar iyaye da kakanni, kuma kowa ya san wanda suka ɗora ya warke. Ba a musun wannan. Ƙashin da bai gusa ba, in aka hana shi motsi, zai haɗe, a hannun mai ɗori ko a hannun likita. Matsalar tana ga wanda ya gusa, da buɗaɗɗiyar karaya, da kuma karan ɗori da aka matse a kan ƙafar da ba ta gama kumbura ba. Kumburi na ƙaruwa, ɗauri ba ya sakewa, jini ya tsaya, ƙafa ta ruɓe. Daga nan ne tsoron nan ya samo asali, wai a asibiti yanke ƙafa ake yi, alhali sau da yawa ƙafar ta riga ta mutu kafin a kai ta. Abin da aka gwada a kudancin Habasha ya nuna mafita. A rahoton da Dakta Eshete ya wallafa a 2005, cikin shekara biyu an yanke gaɓoɓi 49, 25 daga ciki saboda ruɓewar da matsattsen ɗori ya jawo. Aka koyar da masu ɗori 112 a bita ta yini guda. Cikin shekara biyu da suka biyo baya yankan ya sauka zuwa 25, na ruɓewa kuma zuwa 7. Darasin shi ne mai ɗorin da ya san iyakarsa abokin aiki ne. Wanda ya zaɓi ɗorin gida, aƙalla ya fara ɗaukar hoto, ya tabbatar ɗaurin bai matse ba, kuma da ƙafa ta yi sanyi ko ta mutu ko ta yi ƙuraje masu ruwa, a kwance a tafi asibiti. Manyan asibitoci na da sashen ƙashi, ga kuma Asibitin Ƙashi na Dala a Kano don raunuka masu wuya.

Ciwon da ke zuwa a hankali

Ba kowane rauni ke zuwa da faɗuwa ba. Wanda ya ƙara tafiya ko gudu farat ɗaya, kamar sabon kurtu a wurin horo, na iya samun tsagewar gajiya a ƙasusuwan bayan ƙafa. Wani likitan sojan Prussia mai suna Breithaupt ya bayyana ta a ƙafafun sojoji tun 1855. Ciwon wuri ɗaya yake, ana iya nuna shi da yatsa, kuma hoto ba ya cika nuna ta a mako biyu ko ukun farko. Maganinta a dakatar da abin da ya jawo ta na mako shida zuwa takwas. Ciwon dunduniya mai tsanani a takun farko na safe, wanda ke lafawa in an ɗan yi tafiya, yawanci daga jijiyar da ta shimfiɗu a tafin ƙafa yake, kuma ya fi damun masu doguwar tsayuwa da masu ƙiba. Miƙa agara da tafin ƙafa, da takalmi mai taushin dunduniya, da rage nauyi suna warkar da mafi yawan mutane cikin shekara guda ba tare da aiki ba. Wanda ya taka ƙusa ya wanke da ruwa mai yawa da sabulu, ya nemi allurar tetanas, ya kuma koma asibiti idan wurin ya kumbura ko ya yi ruwa. Mai ciwon suga kuwa ba shi da ƙaramin rauni a ƙafa. Ya riƙa duba tafinsa kullum, kada ya yi tafiya ba takalmi, kuma ƙafar da ta kumbura ta yi ɗumi, ko da ba ciwo, ta ga likita cikin gaggawa.

Duk waɗannan raunuka jerin aiki ɗaya suke bi. A duba alamomin haɗari, a danna wurare huɗu, a gwada taku huɗu, a matse sha-raɓa, sannan a zaɓi hanya: asibiti yanzu, hoto yau ko gobe, ko jinyar gida mai motsi da atisaye. Wannan ilimi bai kamata ya tsaya a ɗakin likita ba, domin ba likita ne ke fara isa wurin mai rauni ba. Masu horar da 'yan ƙwallon unguwa, da malaman makaranta, da masu kemis, da shugabannin 'yan acaɓa, da su kansu masu ɗori, su ne hannun farko da ke taɓa ƙafar. Koyar da su wannan duba ba ya buƙatar na'ura ko kuɗi mai yawa, kuma abin da aka gani a Habasha ya nuna ko bitar yini guda tana iya rage yawan mutanen da ke rasa ƙafafunsu.